Gagare ko Gagere, kuma a ina Gulbin Rima ya soma?

Malam Umaru: Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, ina shirya wa ɗalibaina na babbar sakandare darasi a kan gulaben da ke shayar da ƙasar Sakkwato, sai na ci karo da matsaloli biyu a kan gulbi ɗaya, wato wanda ya bi ta gefen Ƙauran Namoda ya nufo arewa. Ta farko ita ce rubutun sunansa, domin taswirar da muke koyarwa da ita ta rubuta Gagere, wasu takardun kuma Gagare suke rubutawa. Ta biyu ta fi damuna: a ina wannan suna yake ƙarewa, a ina kuma ake fara cewa Rima? A kan takarda layi ɗaya ne shuɗi ya taso daga kudu, ya yi gwiwa a ƙasar Gobir, ya gangaro ta Goronyo da Wurno har ya iso bayan garin nan na Sakkwato, kuma babu wata alama da ke nuna inda suna ya sauya. Ina roƙon waɗanda suka san wurin da ƙafarsu, da waɗanda suka san shi a karatu, su taimaka mini kafin in tsaya gaban yara.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Allah shi gafarta Malam, ni a Ƙaura aka haife ni, kuma Gagare na tashi na ji manya suna faɗi, da wasalin a. Amma gaskiyar magana ita ce ba kasafai muke kiran sunan ba. Mutumin Ƙaura cewa yake yi za shi gulbi, ko gulbi ya kawo, ko gulbi ya janye, domin ba shi da wani gulbin da zai rikita da wannan. Sai in ya yi tafiya, ya haɗu da mutumin Zurmi ko na Gusau wanda shi ma yake da nasa, sannan ake bukatar rarrabewa, kuma ko a nan sau da yawa gulbin Ƙaura za ka ji an ce.

Ina so yaranka su san cewa shuɗin layin nan da ke kan takarda ba ya nan duk shekara. In rani ya yi nisa, wajen watan Maris zuwa Afrilu, abin da za ka gani rairayi ne fari shimfiɗe, jakuna da shanu suna ratsawa a kai. Mata da yara sukan tona rami kamu biyu ko uku a tsakiyar rairayin, su zauna su jira ruwa ya tsattsafo, su kwarfe na farko mai laka su zubar, sannan su riƙa ɗiban mai kyau da ƙoƙo suna ɗura wa tulu. A watan Agusta kuwa wurin nan da aka zauna ana hira ba ya ƙetaruwa, ruwa ne ja wur ɗauke da karare da rassan itace, kuma yakan kawo ko da ba a yi ko yayyafi a garin ba, domin can kudu aka yi ruwan.

Malama Hadiza: Baba Alhaji ya ba mu rabin amsar, bari in ƙara abin da na karanta a fannin labarin ƙasa. Gagare yana tasowa ne daga tuddan da ke tsakanin gabashin Zamfara da kudancin Katsina, ya nufi arewa ta Ƙauran Namoda. Daga gabashinsa akwai Bunsuru, wanda ke kwaso ruwan yammacin Katsina, har da na Karaduwa da aka datse a Zobe kusa da Dutsin-Ma, ya biyo ta ƙasar Zurmi. Su biyun suna haɗuwa a yankin Shinkafi da Isa, sannan Gulbin Maraɗi ya shigo musu daga Jamhuriyar Nijar a ƙasar Sabon Birni. Masana labarin ƙasa sukan ce haɗuwar waɗannan uku ce ta haifi Rima, ke nan Rima ba shi da mafari nasa na kansa a kan wani tsauni kamar yadda Gulbin Sakkwato yake da shi kusa da Funtuwa.

Bushewar da Baba ya siffanta tana da dalili a ƙarƙashin ƙasa. Sashen kudu maso gabas, inda Gagare da Bunsuru suke tasowa, yana zaune a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya shan ruwa, saboda haka ruwan sama yana sauka ya gudu nan take, gulbi ya cika ya tumbatsa, damina na wucewa kuma ya ƙafe, in ban da ɗan abin da rairayin cikinsa ya riƙe. Da an gangaro arewa da yamma sai a shiga ƙasa mai hawa-hawa na rairayi da yumɓu da farar ƙasa, wadda ke ajiye ruwa ta riƙa sakinsa a hankali, shi ya sa fadamun Wurno da Kware da Argungu suke da damshi a lokacin da gulbin Ƙaura ya zama hanyar jakuna. Masu binciken ƙasa ma da sunayen garuruwanmu suka raɗa wa waɗannan hawa-hawa suna: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina da Gwandu, kuma farar ƙasar Kalambaina ce ake yin siminti da ita.

Game da rubutu, ni Gagare na zaɓa, kuma hujjata ita ce al'adar Turawan da suka zana taswirorin farko. Kunnensu ya sha jin gajeren wasalin a na Hausa kamar e ko o, shi ya sa Kabi ya koma Kebbi, Sakkwato ta koma Sokoto, Kwatarkwashi ta koma Kotorkoshi. Idan mutanen bakin gulbin suna cewa Gagare, takarda kuma ta ce Gagere, na fi ganin wannan ma daga cikin irin waccan rikiɗar ce.

Bello Bagobiri: Malama, na yarda da batun rubutu, har ma ina ganin asalin sunan a fili yake: gulbi ne da ke gagarar masu ƙetarawa da damina, shi ya sa aka ce Gagare. Inda ban yarda ba shi ne lissafa Gulbin Maraɗi daidai da sauran biyun. Mu a Sabon Birni mun san ruwan da ke zuwa mana daga kudu, mun san kuma wanda ke zuwa daga wajen Tsibiri da Maraɗi, kuma ba kai ɗaya suke ba ko kusa. Amma duk da ƙanƙantar na Maraɗi, a ganina sunan Rima ba ya tabbata sai an shigo ƙasar Gobir, inda gulbin ya karya ya fuskanci yamma. Tarihi ma yana bayana, domin Alƙalawa, babban birnin Gobir wanda ya faɗi a 1808, a bakin Rima kowa yake cewa yake, ba wanda ya taɓa cewa a bakin Gagare ko Bunsuru.

Malama Hadiza: Yaya Bello, ina roƙonka kada Malam Umaru ya kai wa yara batun gagara a matsayin tabbataccen asali. Kamannin sauti kaɗai ba ya zama hujja, kuma babu gulbin da ba ya gagarar mutum a watan Agusta, da hakan ne dalili da dukkansu Gagare za a kira su. Ɗalibi yakan riƙe irin wannan bayani mai daɗin ji fiye da duk abin da aka koya masa, ya girma yana faɗa kamar karatu ne.

Malam Nasiru: Ina so in shigo ta ƙofar tarihi, domin tambayar Malam Umaru ta ginu a kan wani zato da ya kamata mu duba, wato cewa kowane gulbi yana da suna ɗaya daga mafarinsa zuwa inda ya faɗa cikin wani. Wannan tsarin masu taswira ne, kakanninmu ba haka suka raba ruwa ba. Su suna kiran kowane yanki na gulbi da sunan garin da ke kansa, ko ƙasar da ya ratsa, ko abin da ke tsirowa a bakinsa. Gulbin Zamfara, wanda ya bi ta Anka da Gummi, in ya gangara ƙasar Jega sai ka ji ana cewa Gulbin Gindi. Gulbin Kaba da ke arewacin Maraɗi daga kabar goruba da ta cika kwarinsa ya samo suna. Gulbin Maraɗi kansa a ƙasar Katsina ya taso, inda ake kiransa Gada, kuma a kansa aka gina madatsar ruwan Jibiya, sai da ya ƙetara iyaka sannan ya ɗauki sunan Maraɗi, ya zagayo ya sake shigowa Nijeriya da sabon sunan.

Akwai shaida daga baƙin da suka zo ƙarni na 19. Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma da ya tashi siffanta mazaunin garin cewa ya yi yana kusa da mahaɗar wani ƙaramin rafi da gulbin da ya bi ta Zurmi. Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, babban ruwan da muke kira Rima da garin da ya ratsa aka gane shi, wato ta hanyar da muke kira Bunsuru a yau. Na biyu, a fahimtata ƙaramin rafin da yake nufi shi ne wanda taswira ta ɗaukaka daga baya ta kira Kogin Sakkwato, ta kuma mayar da Rima reshensa, ko da yake dole a tuna cewa da tsakiyar rani baƙon ya gan shi. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1853 zamanin Aliyu Babba, ya zauna a Wurno, kuma shi Gulbin Rima ya rubuta kamar yadda ya ji a bakin mutane.

Saboda haka amsata ga Malam Umaru ita ce babu wata turaka da aka kafa inda Gagare ya ƙare. Akwai dai yanki mai faɗi inda mutanen kudu suke ci gaba da kiran sunansu, mutanen arewa kuma suka riga suka fara kiran nasu.

Injiniya Aminu: Malam Nasiru, bayaninka ya yi daɗi, amma ina tsoron kada ya kai mu ga cewa duk sunan da mutum ya ga dama daidai ne. Ga mai aikin ruwa wannan ba zai yiwu ba. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka kuma ƙaddamar a 1992, an gina ta ne don ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942, kuma kusan duk abin da ke shiga cikinta daga waɗannan rassa uku yake zuwa. Kwatanta da Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, wadda aka gama a 1978, mai ɗaukar miliyan 450. Wanda ke lura da madatsa yana bukatar ya san yawan ruwan da ya wuce wani wuri a Gagare jiya, da wanda ya wuce a Bunsuru, don ya ƙiyasta abin da zai iso masa. Idan wani ya aiko rahoto da sunan gulbin Ƙaura, wani ya ce gulbin Shinkafi, na uku ya ce Gagere, alhali ruwa ɗaya suke nufi, ana iya lissafa shi sau uku, ko kuma a ɗauka an riga an lissafa shi a bar shi.

Duk mun tuna ambaliyar watan Satumba na 2010, lokacin da ruwa ya mamaye garuruwa da gonaki a Goronyo da Wurno da Kware, ya kuma yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin gari. Yawancin ruwan da ya yi wannan ɓarna ba a kan Sakkwato ya sauka ba, daga sama ya gangaro. Manomin albasa a fadamar Wurno yana da haƙƙin ya fahimci cewa in an ce Gagare ya kawo, to ruwan yana kan hanyarsa zuwa gare shi, kuma ba zai fahimci haka ba sai makaranta da rediyo da hukuma sun riƙe suna ɗaya. Aikin Malam Umaru a aji wani ɓangare ne na wannan.

Baba Manu: Injiniya, ɗana, na ji hujjarka, amma ina tambaya: sunan wa za a riƙe? Ni Bakabe ne daga Argungu. Taswira ta ce ruwan da ke wucewa ta ƙofar gidanmu Kogin Sakkwato ne, wasu takardun su ce Rima, mu kuwa Gulbin Kabi muka gada, kuma mutanen da suka shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna fafatawa da Sakkwato ba za su wayi gari suna kiran ruwansu da sunanta ba don kawai wani ya zana haka. Ban faɗi wannan don tayar da tsohon zance ba, tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin su wannan magana ta wuce. Na faɗa ne don a gane cewa suna yana ɗauke da iko.

Kuma ko Gulbin Kabi ɗin ya yi wa masunci faɗi da yawa. Shi Matan Fada ya sani, wato gurbin da ake bikin su, da sauran gurabu kowane da sunansa, da wanda ke da ikon buɗe shi, da lokacin da aka hana shiga. Sarkin Ruwa ba ya hukunci a kan gulbi gaba ɗaya, a kan gurbi yake yi. Na tabbata a Gagare ma haka abin yake, kowane mashigi da kowane gurbi da ke riƙe ruwa har bazara yana da sunan da mutanen wurin suka sani. Waɗannan su ne sunayen da ke ɓacewa, domin ba a rubuta su ba, Gagare kuwa ko da e ko da a yana nan a littafi.

Alhaji Garba: Wannan gaskiya ne, Manu. Mai shanu da ke neman wurin shayarwa da rani ba ya tambayar ina Gagare, yana tsaye a kansa. Sunan gurbin yake tambaya.

Malam Nasiru: Injiniya, ban ce a bar kowa da son ransa ba, kuma ina da misalin da nake ganin zai gamsar da kai, domin daga fagen aikinku ya fito. A 1990 Nijeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai, kuma da aka zo lissafa kwaruruwan, sunaye bibbiyu aka jera: Maggiya da Lamido, wanda ke ƙarewa a tafkin Kalmalo kusa da Illela, sai Gada da Gulbin Maraɗi, sai Tagwai da El Fadama. Gwamnatoci biyu da lauyoyinsu da injiniyoyinsu ba su ga dole sai an kashe suna ɗaya don ɗaya ya rayu ba, abin da suka tabbatar shi ne kowa ya san sunayen biyu ruwa ɗaya suke nufi. Wannan shi ne abin da ɗalibi yake bukata, wato ya iya bin ruwan da yatsa daga Jibiya zuwa Maraɗi zuwa Sabon Birni ba tare da sauyin suna ya ɓatar da shi ba.

Injiniya Aminu: Na karɓi wannan, da sharaɗin cewa a takardar awo suna ɗaya ne zai zauna a sama, sauran su biyo baya. Ina kuma ƙara wa Malam Umaru wani abu da zai rikita yara in bai yi hattara ba: akwai Gulbin Ka da ke can kudu wanda ke shiga Gulbin Sakkwato dab da Kwara, akwai Gulbin Kaba na Nijar, ga kuma Gulbin Kabi. Na sha ganin an cakuɗa su a rubutu, har a ɗauki bayanin ɗaya a liƙa wa ɗaya.

Malama Hadiza: Akwai kuma batun iyakar jiha, wanda ke sa yara su ɗauka gulbin ba nasu ba ne. Kafin 1991 duk wannan ruwa, daga Ƙaura har Argungu, cikin Jihar Sakkwato ɗaya yake. An cire Kabi a 1991, aka cire Zamfara a 1996, sai ya zama mafi yawan tsawon Gagare yana Zamfara, Isa da Sabon Birni da Goronyo suna Sakkwato, ƙarshen ruwan kuma yana Kabi. Taswirar da ta tsaya a iyakar jiha za ta nuna wa ɗalibi Rima yana fitowa daga gefen takarda kamar daga sama ya faɗo. Shawarata ita ce Malam ya zana kwarin gaba ɗaya, kamar yadda aka yi lokacin da aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, wadda aka shata wa aiki bisa bin ruwa, sannan ya ɗora iyakokin jihohi a kai da ɗigo-ɗigo.

Malam Umaru: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tsayar. Zan rubuta Gagare a kan allo, in rubuta Gagere a gefensa da ƙananan baƙaƙe, in gaya wa yara cewa wannan na biyun shi za su iya tararwa a takardar jarrabawa. Zan zana kwarin duka kamar yadda Malama ta ce, in sa Ƙauran Namoda da Zurmi da Jibiya da Maraɗi a kai, don su ga inda ruwan Goronyo yake fitowa. Sunan Rima kuwa zan fara rubuta shi daga inda Gagare da Bunsuru suka haɗu, tunda daga nan babu ɗayansu da ya ci gaba da sunansa a taswira.

Bello Bagobiri: Allah shi gafarta Malam, a nan dai ban sake ba. In ka fara rubuta Rima tun daga mahaɗar farko, ka mayar da Gulbin Maraɗi reshe ke nan, alhali Malama da kanta ta ce uku ne suka haife shi. Ka matsar da rubutun gaba kaɗan, harafin farko ya faɗo bayan Sabon Birni.

Malam Umaru: To tsakanin mahaɗar farko da Sabon Birni me zan rubuta, Bello? Yaro zai nuna wurin da yatsa ya tambaye ni.

Alhaji Garba: Ku dakata da wannan yankin tukuna. Hanyar can ba ta biyuwa yadda ake so a halin da ake ciki, amma akwai mutanen Isa da na Shinkafi da yawa a kasuwa nan Sakkwato, wasunsu dattawa ne da suka yi sana'ar fito da kamun kifi a wurin. Zan tambaye su abin da suke kiran ruwan da ke tsakanin garuruwansu da Sabon Birni, in kuma karɓo sunayen mashigai da gurabu gwargwadon abin da suka tuna, kamar yadda Manu ya nema. Malam Umaru, yaushe ne darasin naka?

Malam Umaru: Ranar Laraba ne, Baba Alhaji, amma zan iya fara musu da Gulbin Sakkwato da Bakolori, in ɗaga na Gagare zuwa mako mai zuwa in sha Allahu.